Jifan da Kawu Ya Yi a Dutsen Saur

Idan an gama aikin Hajji, alhazai sun sauko daga Mina sun wanke kayansu sun shanya, akwai 'yan makonni da Makka takan cika da mutanen da ba su da sauran aiki sai jiran ranar tafiya. A cikin waɗannan makonni ni nawa aikin yake yawa. Ina ƙarƙashin wani muɗawwifi, wato jagoran alhazai, mai saukar da mutanen ƙasarmu, abu biyu kuma nake yi masa: in rubuta wa alhazai wasiƙa da ajami, in kai su ziyara. A lokacin da nake ba da labari na ɗan haura talatin, ina zaune a unguwar Tandabawi da iyalina da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Ba a daɗe da gama yaƙin Turawa na biyu ba, hanya ta sake buɗewa, mutanenmu suna ta isowa.

Cikin wuraren ziyara babu mai wahala kamar Dutsen Saur, inda kogon nan yake da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɓuya shi da abokinsa a hanyar Hijira. Malamai sun sha faɗa cewa hawansa ba ya cikin aikin Hajji, ni ma nakan faɗa, amma mutumin da ya yi shekaru yana takowa ba ya yarda ya koma bai ga abin da yake ji tun yana ƙarami ba. Mukan fita ta unguwar Misfala da an idar da sallar Asuba, mu kai gindin dutsen kafin rana ta yi kaifi, sannan mu shiga jerin masu hawa. Ga mutanen Jawa da laimominsu, ga Indiyawa da butocin tagulla, ga Misirawa da ba sa barin magana ko numfashi ya ƙare. Hanyar ƙunci gare ta, duwatsun kuma tun hantsi suke fara ƙona tafin ƙafa.

A rabin hanya akwai wata 'yar rumfar buhu ta wani tsohon Balaraben ƙauye mai sayar da shayi da ruwan salka. Nan kowa yake yada zango. Nan kuma birai suke taruwa, don tsohon yana watsa musu busasshiyar gurasa da gangan. Ya san inda birai suka zauna nan baƙi za su tsaya kallo, wanda ya tsaya kuwa zai sha shayi. Irin manyan nan ne masu dogon baki kamar na kare, waɗanda a gida ake ce wa gwaggon biri, sai dai mazansu na nan suna da gashi mai ruwan toka da ya sauko musu kafaɗa kamar alkyabba. Ba sa tsoron kowa. Dutsen yana cikin iyakar Harami, inda aka hana farauta, aka hana razana dabbar daji, aka hana sare itacen da ya tsiro don kansa. Na sha ganin biri ya zare dabino daga hannun babban alhaji, alhajin ya buɗe baki zai yi ashar, ya tuna inda yake, ya ƙare da tasbihi.

Saboda haka kullum a gindin dutsen nakan tara mutanena in yi musu jawabi: kada a karya reshe a ce za a kai gida tsaraba, kada a kori komai, kada a jefi komai. Ranar da na hau da kawuna ban yi wannan jawabin ba. Mu biyu ne kawai, na kuwa ji nauyin in tsaya ina karanta wa ƙanin uwata doka kamar baƙo. Wannan kuskure nawa ne, ban taɓa ɗora wa wani shi ba.

Kawu ya iso mana a shekarar ne, bayan damina huɗu a hanya. Ya yi tsinkar auduga a Sudan, ya yi dako, ya yi jinya, har Allah Ya kawo shi. Rabonsa da Inna tun tana goye da ni, lokacin da ita da mahaifina suka baro ƙauyensu, wani ƙauye a gindin duwatsu can kudancin Zazzau. Gajere ne, mai faɗin tafin hannu, ba shi da yawan magana. Inna ta sha ba mu labari cewa a ƙauyen nan noma rabi ne, tsaron biri rabi. Da dawa ta fara nuna, kowane gida sai ya kafa rumfa a tsakiyar gona, wani ya hau ya wuni da majajjawa da tarin duwatsu. Kawu tun yana ɗan mitsitsi ake ɗora shi kan wannan rumfa, har ya yi furfura shi ne mai hawa. A wajen jifan Shaiɗan a Mina na ga abin da idona: mutane suna ta wurgi yana sauka a kan 'yan'uwansu, shi kuwa tsakuwarsa bakwai wuri ɗaya suka sauka.

Mun isa rumfar mai shayi da hantsi, muka sami wani dutse muka zauna. Na je na karɓo mana shayi. Can gefe, kamar taku ashirin daga inda muke, wani babban namiji ya hau kan wani falalen dutse shi kaɗai, bai shiga wawason gurasa ba. Ya zauna, ya miƙa wuya, ya dubi gabas ya dubi yamma, sannan ya yi wani ɗan gajeren haushi. Ban ga lokacin da Kawu ya sunkuya ba. Ƙarar kawai na ji, ƙwas, kamar an fasa ƙwarya. Birin ya kife ta bayan falalen, sauran suka watse da kururuwa, tsakuwa tana gangarowa a bayansu.

Duk idon da yake rumfar ya dawo kanmu.

"Kawu! Cikin Harami muke!"

Bai dube ni ba. Hannunsa yake kallo, ya ware yatsun kamar an ara masa shi. Ya ce, "Na sani. Wallahi na sani."

Mai shayi ya taso yana yarfa hannu yana faɗa da Larabci: "Ya Hajj, me ya yi maka? Naka ya ci? Shekara nawa yana zama kan dutsen nan bai taɓa kowa ba!" Kawu ya ce in fassara masa. Na ce ba sai na fassara ba. Ya ce in fassara. Da na faɗa masa sai ya gyaɗa kai.

"Gaskiyarsa. Wannan shi ne mai gadinsu. In ya yi haushin nan, cewa yake hanya lafiya, a shiga gona. Ina jin sa sai na ji hannuna ya tafi." Sannan ya ce, "Ni da ba ni da gona a nan."

Muka leƙa bayan falalen. Birin ba ya nan, sai jini, ba mai yawa ba, ya bi ta wata tsaga da mutum ba ya iya shiga. Kawu ya ƙi ƙarasawa kogon. Ya ce ba da wannan hannun zai dafa inda Manzo ya zauna ba. Muka sauko, shayinmu ko kurɓa ba mu yi ba.

Inna tana tankaɗe a tsakar gida muka shiga. Da ta ji labari sai ta ajiye rariya ta yi ta dariya har da share hawaye.

"Alhaji ke nan! Ka tako tun daga ƙasar Hausa, ka ƙetare teku, don ka jefi biri? Namu na gida sun ƙare ne?"

"Yaya, ba abin dariya ba ne."

"Na ga alama. Zauna ka ci abinci."

Bai ci ba.

Muna da wani maƙwabci mutumin Hijaz, mai ɗan karatu. Inna ta aike ni in tambayo shi. Ya ce a wurinsu babu fansa a kan dabbar da ba a cin namanta, ya nemi gafara kawai. Na kawo amsar da murna. Kawu ya tambaya, "Shi wannan, karatun malamanmu yake bi?" Na ce a'a, mazhabarsu daban. Ya ce, "To ya ba 'yan'uwansa."

Washegari muka tafi wurin Malam, wani dattijo Bakatsine da yake karantar da mutanenmu fiƙihu a cikin masallacin Harami. Ya saurara har ƙarshe yana shafa gemu.

"A wurinmu, Alhaji, biri dabbar daji ce, ci ko rashin ci ba ya canja hukunci. Ya mutu?"

"Allah gafarta Malam, ban sani ba."

"Wanda ya ji wa dabba ciwo ta ɓace masa, bai tabbatar ta tsira ba, fansa ta hau kansa. Zan samo wani malami mu biyu mu ƙiyasta, ka ciyar ko ka yi azumi. Abu ne mai sauƙi."

Da Malam ya tsaya nan da an huta. Amma mai karatu ba ya iya barin mas'ala da saura. Ya ƙara da cewa in mutum ya fitar da fansa a kan shakka, daga baya ta tabbata dabbar ta mutu bayan fitarwar, to sai ya sake.

Kawu ya ɗago kai. "To in na tafi gida ya mutu a bayana, wa zai gaya mini?"

"Abin da ba ka sani ba, ba a tambayarka."

"Ai na san cewa ban sani ba."

Malam ya yi murmushi ya buɗe baki zai amsa, amma Kawu ya riga shi. Ya juya ya fuskanci Ka'aba, ga ta nan gabanmu babu shamaki, ya ce, "Wallahi ba zan bar garin nan ba sai na ga birin nan da idona, ko a raye ko a mace."

Malam ya daki cinyarsa. "Kai, Alhaji! Wa ya aike ka? Ana neman a sauke maka kaya ɗaya, ka ɗauki na biyu?"

Abin da ya dame ni shi ne ayari. Mutanen da Kawu ya zo da su sun riga sun sa rana, saura kwana goma sha ɗaya su sauka Jidda su hau jirgin ruwa zuwa Sawakin. Madugunsu ya lissafa cewa in suka tashi a lokacin, za su ratsa Sudan da ƙasar Wadai kafin ruwa ya rufe hanya, su isa gida a yi shuka da su. Dattijo kamar Kawu ba ya bin wannan hanya shi kaɗai. In ayari ya tafi ya bar shi, sai baɗi, damina ta biyar ke nan matarsa da 'ya'yansa suna noma ba shi. Malam ya ce rantsuwa tana da kaffara, ya yi ya kama hanya. Kawu ya ce shi ba zai rantse a gaban ɗakin Allah yau, gobe ya zo yana neman hanyar warwarewa ba.

Aka ƙiyasta masa fansar, ya zaɓi azumi, ya kama. Kullum kuma da an yi Asuba sai dutse. In ina da masu ziyara mu hau tare, in babu in raka shi, don ba ya jin Larabci ko na tambayar hanya. A kwanakin nan na ga abin da ban sani ba game da shi. Ni shekara da shekaru ina hawan dutsen nan, birai a wurina birai ne. Shi a kwana biyu ya raba su gida-gida: wannan namijin da matansa uku, wancan da biyu, wancan saurayi ne bai samu ba tukuna. Ya gano inda suke kwana, a jikin wani gangare da ko akuya ba ta hawa. Ya gano wani ɗan kwarmi a inuwar dutse inda ruwa yake tsatsa. Yakan tsuguna ya tona kashinsu da tsinke, ya ce wannan na jiya ne, wannan mai shi ba shi da lafiya. Jim kaɗan kuma sai ya ɗaga kai sama, yana duba ko ungulu suna kewaya wani wuri.

Abin da ya fi ba shi wuya zama. An hana razana su, dole ke nan ya zauna shiru su zo da kansu, shi kuwa duk rayuwarsa in ya ga biri tashi yake yi. Ƙafarsa ta yi ta rawa. Na ba shi tasbaha, ya ja ta har igiyar ta tsinke. Daga nan ya samo tasa dabarar: ya sa hannun dama ƙarƙashin cinya ya zauna a kai. Haka yake wuni, leɓe a bushe, hannu a danne. A gida ma ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya fita ƙofar gida, ya dawo, ya kwance ƙunshin kayansa, ya sake ɗaurewa, ya tambaye ni saura kwana nawa alhali ya fi ni sani.

Mai shayi da ya ga abin ba wasa ba ne sai ya huce, har yana shimfiɗa masa buhu a inuwa. Ya ce tun ranar bai sake ganin mai gadin ba, wani ƙarami ne yake hawan falalen yanzu.

Wata rana wani dattijo mutumin Jawa ya zauna kusa da mu yana fifita da hularsa. Ya tambayi abin da ya sa alhajin nan yake zaune kan hannunsa, mai shayi ya kwashe labari ya ba shi. Dattijon ya yi ta kaɗa kai. Da Larabcinsa irin na littafi ya ce mana a wani tsibiri kusa da nasu, inda mutanen ba Musulmi ba ne, akwai wani kurmi da ɗakin bautarsu a tsakiya. Itatuwan sun tsufa har saiwoyi suna saukowa daga sama, birai kuma sun cika shi, ba mai taɓa su, ba mai sare ko reshe. Ya ce har Turawa suna zuwa a jirgin ruwa don kallo, su sayi ayaba a bakin ƙofa su miƙa, birai suna hawa kafaɗarsu suna cire musu tabarau. Na fassara wa Kawu ina tsammanin zai yi dariya.

"Su mutanen, manoma ne?"

Dattijon ya ce manoman shinkafa ne, gonakinsu har bakin kurmin.

"Kuma biran ba sa yi musu ɓarna?"

Ya ce ai suna yi.

Kawu ya juyo wurina. Ya ce, "Masu gunki sun iya riƙe hannunsu saboda gunki, da gonarsu a gabansu. Ni saboda Allah aka ce in riƙe, na 'yan kwanaki." Wannan ban fassara wa dattijon ba.

Saura kwana biyu madugu ya zo gidanmu da kansa. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ce in ya je gida me zai gaya wa mutane, ya ce ya baro dattijo a Makka yana zawarcin biri? Kawu haƙuri kawai yake ba shi. Da ya fita, Inna ta ja ni bayan ɗaki wajen randa. Dariyar nan ta ranar farko ta daɗe da ƙarewa.

"Kai wannan, saurara. Idon kawunka ba ya kai nesa, ka sani na sani. Gobe ko jibi in kun ga wani mai tabo, ka ce shi ne."

"Inna, ƙarya a kan rantsuwa?"

"Cewa ya yi sai ya gani da idonsa, zai kuwa gani. Biri biri ne. Matarsa ta tsufa tana jira. Ni na baro uwata a kan shekara biyu zan yi, ga ni nan har yau, ko kabarinta ban sani ba. Garin nan in ya riƙe mutum ba ya saki. Ka faɗa, zunubin a kaina."

"Ba a ɗaukar wa wani, Inna."

"Da na san haka karatun nan zai mai da kai, da dako na sa ka."

Ban ce mata zan yi ba, ban kuma ce ba zan yi ba.

Ranar tafiya ayari zai tashi daga unguwar Jarwal bayan La'asar. Kawu ya ɗaure kayansa ya jingine a bakin ƙofa, muka hau dutse. Ba mu tsaya a rumfa ba, muka wuce wajen kwarmin ruwa muka laɓe a bayan wani dutse. Rana ta ɗaga. Suka yi ta zuwa gida-gida suna sha suna wucewa, Kawu yana bin kowanne da ido. Can sai ga wani babban namiji ya fito a ɗaya gefen kwazazzabo, shi kaɗai, yana tafiya a hankali. Ko daga inda muke ana hangen wani abu ja a fuskarsa.

Kawu ya damƙe hannuna. Ya ƙanƙance ido, ya buɗe, ya goge da hannun riga.

"Ɗan Yaya, akwai ciwo?"

"Akwai, Kawu."

"Wane gefe? Hagunsa ya ba ni lokacin da na saki dutsen. Saman ido."

Birin ya tsaya ya juyo, kamar an ce ya nuna mini. Ciwon a dama yake, a kumatu, doguwar tsaga irin ta haƙori, ta faɗan da suke yi a kan mata.

Na tuna kayan da suke jingine a bakin ƙofa, na tuna Inna a wajen randa. Kalma ɗaya ce, babu kuma wanda zai taɓa sani a cikin mutane. Harshena har ya ɗauko ta. Amma ya tambaye ni ne don ya san idona ya fi nasa, ba shi da wani idon sai nawa.

"Dama ne, Kawu. Cizo ne."

Ya sake ni. Ya ce, "Na yi zato. Tafiyarsa ba irin ta wancan ba ce." Har yau ban sani ba ko da na ce hagu zai yarda.

Muka ƙara jira har inuwa ta shige ƙarƙashin duwatsu. Sannan ya ce mu sauka, akwai wasiƙar da zan rubuta masa kafin La'asar.

Inna ta dubi fuskata sau ɗaya ta shige ɗaki. Ta yi mako ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Na ɗauko tawada da alƙalami na zauna a bakin ƙofa, Kawu yana tsaye a kaina ya ƙi zama. Ya gai da matarsa, ya gai da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, da maƙwabta, da liman. Ya ce a faɗa musu ya sauke farali lafiya. Ya ce a bar gonar tudu ta huta bana, a gyara rumbun da yake yoyo, kada a sayar da jakin ko an matsu.

"In rubuta abin da ya hana ka tahowa?"

Ya taka har bakin titi ya dawo. "Rubuta cewa na yi wa wani laifi a nan, ina neman sa ban same shi ba tukuna."

"Madugu zai faɗa musu ko wane ne."

"Ya faɗa. Kai dai rubuta."

Na rubuta, na sake tsoma alƙalami ina jira.

"Ka ce in dawa ta nuna a sa babban ɗana a rumfa, a tsare da kyau. Ka ce kuma…" Ya tsaya. "A'a, bar shi haka. Can ba Harami ba ne. In ba su jefa ba yunwa za su kwana da ita."

Muka kai wasiƙar Jarwal. Madugu ya karɓa ya cusa a aljihu. Kawu ya tsaya a bakin hanya har ƙurar ayarin ta kwanta.

Aka yi kusan mako uku. Alhazai sun watse, masu hawan dutse sun ragu, mai shayi yana shirin naɗe rumfarsa sai baɗi. Kawu bai fasa hawa ba, yawanci shi kaɗai, don ya san hanya kuma ya koyi kalma uku ko huɗu ta Larabci. Wata rana na bi shi, saboda Inna ta ce ƙafarsa ta kumbura, kada ya faɗi ba kowa. Muna zaune a rumfa mai shayi ya zazzage ragowar gurasarsa gaba ɗaya. Birai suka yi wawaso suka tafi. Bayan wurin ya yi shiru sai wani ya fito daga tsagar dutse. Ya rame har haƙarƙarinsa sun fito, gashin kafaɗar ya zube rabi. Idonsa na hagu a rufe, da baƙin tabo a sama. Yana tafe yana karkata kai don ya ga hanya da ɗayan. Ya zo har kusa da ƙafar Kawu yana tsintar ɓurɓushi.

Wannan karon bai tambaye ni ba. Ya daɗe yana kallo. Leɓɓansa suna motsi, ban ji abin da yake faɗa ba, ban kuma nemi ji ba. Birin ya gama tsinta, ya yi atishawa, ya koma inda ya fito.

Mai shayi ya ce zai rayu, amma gadi ya ƙare masa, matansa kuma wani ya kwashe. Kawu ya ce in fassara, na fassara.

Muna gangarowa ya ce, "Ɗan Yaya, yanzu ayarin nan suna ina?"

"Sun ƙetare teku tuni. Wataƙila sun wuce Hartum."

Ya lanƙwasa yatsu yana lissafin watanni, ya kai ƙarshe, ya sake daga farko kamar zai fito daban.

"In na sami jirgi cikin makon nan…"

"Da wa, Kawu?"

Ya ƙara sauri da kumburarriyar ƙafarsa har sai da na yi ɗan gudu na cim masa.

Malam ya ce tunda dabbar ta rayu rantsuwa ta sauka, azumin kuma ya zama nafila, Allah Ya karɓa. Kawu ya zauna da mu shekarar nan yana sayar da ruwa, garwa biyu a sanda, daga famfon unguwa zuwa gidajen kan tudu. Bai saba da garin ba ko kaɗan. Ruwan Makka, in ma ya zo, da sanyi yake zuwa, wannan ma haushi yake ba shi, ya ce wane irin ruwa ne da ba a shuka da shi. Da watannin zafi suka kama sai ya riƙa tsayawa a tsakiyar hanya da garwa a kafaɗa, ya ce mini yau a gida an yi shuka, ko yau an shiga noman farko, kamar wani ya aiko masa.

Da lokacin Hajji ya zagayo ya sake yi, ya nemi ayarin da zai fara tashi ya shiga tun ba a gama shiri ba. Na raka shi Jarwal. Ana ta sallama ana rungumar juna, na juya in miƙa masa guzurin da Inna ta ƙulla, sai na hango shi can gaba a kan hanyar Jidda, kaya a ka, madugu yana ƙwala masa kira ya jira mutane.